Yadda za ka sa baki a aikin muhalli na ƙaramar hukumarku har a saurare ka

Abin da ya fara jawo ni cikin wannan harka wani kwalbati ne a ƙarshen layinmu, duk shekara da ruwa ya sauko sai ya toshe da leda da robobi da yashi, ruwan ya rasa hanya ya juyo ya shige gidaje uku da suke gangare. Akwai wata safiya da na tarar da wata dattijuwa tana kwarfar ruwa daga ɗakinta da bokiti, katifa a jingine a bango tana ɗiga, jikokinta biyu a zaune a kan tebur sun rungume littattafan makaranta kar su jiƙe, na ce sannu Baba, ta ɗago ta ce yauwa ɗana, bana ma ga shi nan. Wallahi har yau in na tuna wannan "bana ma" sai raina ya sosu. Shekaru muna surutu a bakin layi da cikin waya, kowa na zagin hukuma, amma ko mutum ɗaya a cikinmu bai taɓa taka ƙafa ya je ofishin ba.

To abin da na koya daga baya shi nake so in rubuta, don na san akwai mutane da yawa da lamarin muhalli ke damunsu amma ba su san ta ina za su kama ba.

In aka ce sauyin yanayi hankali sai ya tafi manyan tarukan duniya, irin na Faris a 2015 inda ƙasashe suka amince za su yi ƙoƙari kar ɗumamar duniya ta wuce digiri 1.5 a kan yadda take kafin zamanin masana'antu. Wannan yana da muhimmanci ba shakka. Amma ɗan uwa wa ke kwashe bola? wa ke yashe magudanar ruwa, wa ke ba da izinin gini a kan hanyar ruwa ko ya hana, wa ke kula da kasuwa da tasha da bishiyoyin bakin titi? A mafi yawan ƙasashe ƙaramar hukuma ce ko hukumar birni, kuma ita ce gwamnatin da za ka iya zuwa ofishinta da ƙafarka. Sama da rabin mutanen duniya yanzu a birane suke zaune, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa daga amfani da makamashi daga birane take fitowa, ka ga kenan aikin a ƙofar gida yake. Tun a taron Riyo na ƙasar Burazil a 1992 aka gane haka, a cikin kundin da ake kira Ajanda 21 an ware babi na 28 kacokan ga ƙananan hukumomi, aka ce kowace ta zauna da mutanenta su tsara shirinsu tare. Ƙa'ida ta 10 ta sanarwar Riyo kuma ta ambaci abu uku, a ba mutane bayani, a sa su cikin yanke shawara, a ba su hanyar neman haƙƙi in an cuce su. Na kawo wannan ne don in ka shiga ofis kar ka shiga a sunkuye kamar mai roƙon alfarma, haƙƙinka ne kake nema.

Farko dai ka zaɓi abu ɗaya tak. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya je wajen kansila ko ciyaman ko magajin gari, duk dai yadda ake kiransa a inda kake, ya zauna ya jero matsala goma, ga shara ga zafi ga hayaƙi ga ambaliya ga sare itatuwa, a ƙarshe a ce masa to Allah ya kyauta za a duba, shi kenan an rabu. Ba wanda zai iya kama abu goma a lokaci ɗaya. Amma in ka ce kwalbatin da ke mahaɗar layi kaza ya yi ƙanƙanta yana cika da shara yana jefa gida uku cikin ruwa, wannan magana ce da ke da kai da ƙafa, ana iya tura mutum ya je ya gani, ana iya lissafa abin da gyaran zai ci, kuma in ba a yi ba kowa zai ga ba a yi ba.

Sai kuma ka binciko aikin waye. Wannan ya ci mana wata kusan biyu muna jeka-ka-dawo, domin ashe babban titin ba na ƙaramar hukuma ba ne na matakin gwamnati na sama ne, amma lambatun cikin unguwa nata ne, shara kuma an ba wani ɗan kwangila. Ka tambayi ƙananan ma'aikata cikin ladabi, masinja da akawu da mai kula da fayil sun fi kowa sanin teburin da takarda ke kwana. Ƙasashe sama da 100 suna da dokar 'yancin samun bayanai, in taku tana da ita ka yi amfani da ita ka nemi kwafin kasafin kuɗi da na kwangilar shara a rubuce.

Daga nan sai hujja, kuma nan nake so ka ɗan daɗe. Gani ya kori ji. Wayar da ke hannunka ta isa, ka ɗauki hoton wurin kafin ruwa da lokacin ruwa da bayan ruwa, daga kusurwa ɗaya kullum don a iya kwatantawa, ka rubuta kwanan wata da awa nawa ruwan ya yi kafin ya janye. Mu fenti muka samo muka ja layi a jikin katangar da ke kusa da kwalbatin, duk sanda ruwa ya hau sai wani yaro ɗan sakandare ya je ya duba inda ya tsaya ya rubuta a wani tsohon littafi, kafin damina ta wuce mun tara shafi huɗu, ranar da injiniya ya ga wannan littafin sai da ya gyara zama, don shi kansa ba shi da irin bayanin. Kar ka raina wannan. A birnin Darussalam na Tanzaniya a 2015 an fara wani shiri mai suna Ramani Huria, ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka riƙa bi lungu-lungu suna zana taswirar magudanan ruwa da wuraren da ke yin ambaliya suna sawa a OpenStreetMap, wata taswirar intanet da kowa ke iya ƙara bayani a ciki, unguwannin da a da ba su ma cikin taswira sosai sai ga su an san inda ruwa ke taruwa. A Ahmedabad ta Indiya kuwa zafin watan Mayu na 2010 ya yi ɓarna amma ba a gane girmanta ba sai da masu bincike suka kwatanta rajistar mace-mace ta wannan watan da ta wasu shekaru, suka ga mutum 1,344 ne suka ƙaru, irin wannan ƙidayar ce ta zaburar da hukumar birnin ta fito da shirin tunkarar zafi a 2013, ana sanar da mutane tun kafin zafin ya zo, ana shirya asibitoci, ana raba ruwan sha, daga baya aka ƙara da shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa don ɗaki ya rage ɗaukar zafi. Ƙidaya ce ta yi wannan aikin. Amma don Allah kar ka ƙara gishiri, in gida uku ne ka ce uku, ranar da aka kama ka da ƙari ɗaya duk sauran gaskiyarka ta zube.

Kuma kar ka tafi kai kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba sai kun yi rajistar ƙungiya ba da farko, mutum biyar zuwa goma masu zuwa in an kira su sun fi mutum ɗari biyu a guruf ɗin WhatsApp da ba sa komai sai tura bidiyo. Ku tabbata akwai mata a ciki, ba don cika gurbi ba, su ne suka fi sanin lokacin da ruwan famfo ke ɗaukewa da abin da hayaƙin girki ke yi wa ƙirjin yara da inda ake zubar da shara da dare. Ke ma 'yar uwa kar ki jira sai an gayyace ki, ki tara maƙwabtanki ku fara. Ku nemi dattijon da ya san yadda ruwa ke bi kafin a yi gine-gine, da matashin da ya iya kwamfuta, da wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san yadda ake rubuta wasiƙa. Sannan masu tsintar roba da ƙarfe a bola, waɗannan mutanen da ake wucewa ba a ko gaishe su, ba wanda ya kai su sanin shara. A birnin Pune na Indiya masu tsintar shara, yawancinsu mata, sun haɗa kansu suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna SWaCH, a 2008 suka ƙulla yarjejeniya da hukumar birni suna bi gida-gida suna karɓar shara suna ware mai amfani, suka samu mutunci da abin rufin asiri, birnin kuma ya rage abin da yake jibgewa a juji. Shara ba ƙazanta kawai ba ce, ragowar abinci in ta ruɓe a binne tana fitar da iskar mitan, wadda a cikin shekara 20 ta fi iskar kabon riƙe zafi fiye da sau 80, ƙona leda kuma guba ce muke shaƙa da kanmu.

Wasiƙa shafi ɗaya ta isa. Me ke faruwa, a ina, tun yaushe, mutum nawa ya shafa, me kuke so a yi, me ku kuma za ku yi da kanku. Wannan na ƙarshen yana buɗe ƙofa sosai, in kuka ce mu za mu fito mu yashe lambatu ku dai ku turo motar da za ta kwashe abin da muka fitar ranar, an fi saurin amsawa, don in ba a kwashe ba ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Ku yi kwafi biyu, ku miƙa ɗaya, ɗayan a buga muku hatimin an karɓa da kwanan wata da sa hannu. Mu wasiƙarmu ta farko ɓacewa ta yi a wani ofis, da muka koma bayan sati uku aka ce ba a taɓa ganinta ba, kuma ba mu da abin nunawa, ranar na dawo gida jikina a mace. Tun daga nan ba ma barin takarda ba hatimi.

In an kira zaman jin ra'ayin jama'a ku je, ko da kun ga kamar an riga an gama magana. Sau da yawa minti biyu ko uku za a ba mutum, don haka ku zaɓi mai magana ɗaya, ya faɗi sunansa da unguwarsa, ya ɗaga hoto, ya faɗi buƙata, ya ƙare da tambayar da amsarta take da rana, wato yaushe za a turo a duba kuma wa za mu tuntuɓa. Ku roƙi a sa maganarku cikin rubutaccen bayanin zaman. Zagi ba ya gyara kwalbati, kuma ma'aikacin da ka kunyata a gaban mutane shi ne gobe fayil ɗinka zai biyo ta teburinsa.

Yanzu ga inda duk maganar take, kasafin kuɗi. Duk alkawarin da aka yi maka da baki, komai daɗinsa, in bai shiga kasafi da sunansa da adadinsa ba to ka ɗauka ba a yi ba. Kuma kasafi yana da lokacinsa, sassan hukuma suna haɗa buƙatunsu watanni kafin sabuwar shekarar kuɗi, sai a kai majalisar kansiloli a yi muhawara a amince, in ka zo bayan an rufe za a ce maka sai baɗi kuma gaskiya aka faɗa maka. Tun ran gini ran zane. Ka tambayi watan da ake fara haɗawa, ka kai buƙatarku kafin nan, ka samu kansilan mazaɓarku ya ɗauke ta a matsayin tasa, bayan an amince ka nemi kwafi ka duba da idonka ko layin yana nan, sannan ka riƙa tambaya ko an saki kuɗin, don sa abu a kasafi daban sakin kuɗi daban. Akwai wuraren da mutane suka wuce nan ma. A Porto Alegre ta Burazil tun 1989 aka fara barin mazauna unguwanni su zauna su zaɓi ayyukan da za a kashe wani kaso na kuɗin birni a kansu, talakawa suka riƙa zaɓar ruwa da magudanar ƙazanta da titi, gidajen da ke da haɗin ruwa da magudana suka tashi daga kashi 75 a 1988 zuwa kashi 98 a 1997, daga nan tsarin ya bazu zuwa birane da yawa a duniya, har Faris ta ɗauka a 2014 ta ware kashi 5 na kasafin manyan ayyukanta. A Kenya kuma wasu gundumomi masu fama da fari sun kafa asusun sauyin yanayi na kansu, Makueni ta ware kashi 1 cikin 100 na kasafin ayyukan raya ƙasa a 2015, Wajir ta ware kashi 2 a 2016, kuma abin da ya fi burge ni shi ne kashi 70 na kuɗin yana tafiya ne ga ayyukan da kwamitocin mazaɓu suka zaɓa da kansu, makiyaya da manoma su ke cewa a nan muke son madatsar ruwa ba can ba. In hukumarku ba ta da irin wannan, neman a kafa shi ma buƙata ce da za ku iya kaiwa, ko da da ɗan ƙaramin kaso za a fara. Sai dai a Porto Alegre ɗin ma tsarin ya yi rauni daga baya da shugabanci ya canja hannu, shi ya sa ya fi kyau ku matsa a mayar da shi doka kar ya tsaya a kan kirkin mutum ɗaya.

Maganar dashen bishiya kuwa, nan ne aka fi yaudarar kai. A zo da 'yan jarida a dasa dubu a ɗauki hoto a watse, bayan wata uku ka je ka tarar da sanduna a bushe, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa ba wanda ya kange su daga dabbobi. In hukuma ta ce za ta yi dashe, tambayarku ta zama wa zai kula da su shekara biyu zuwa uku na farko, da wane ruwa, kuma wane iri ne, mai jure yanayin wurin ne ko kuwa. Ku dubi abin da Freetown ta Saliyo ta yi. Bayan zaftarewar ƙasa ta watan Agusta 2017 da ta hallaka mutum sama da 1,000, wadda sare dazukan kan tsaunuka ya taimaka wajen munin ta, magajiyar garin Yvonne Aki-Sawyerr ta ƙaddamar da shirin dasa bishiya miliyan ɗaya a 2020, amma dabarar ita ce mutanen unguwa su ke dasawa, kowace bishiya a ɗauki hotonta da waya a yi mata rajista da inda take, a riƙa komawa ana sake ɗauka, kuma ana biyan masu kula ta waya gwargwadon yadda bishiyar ta ci gaba da rayuwa. Wato ana ƙirga wadda ta rayu ne ba wadda aka binne ba. Ko ba ku da manhaja kuna iya yin haka da littafi da biro, kowace bishiya da lambarta da sunan gidan da ya ɗauki nauyinta.

In matsalar babba ce da ta shafi gari duka, akwai wata hanya da ake kira majalisar talakawa, a zaɓo mutane ta hanyar ƙuri'ar sa'a yadda za a samu maza da mata da matasa da tsofaffi daga kowane sashe, su saurari masana na wasu kwanaki su tattauna su ba da shawara. Birnin Gdansk na Polan ya yi haka a 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi ya mamaye garin, mutum 60 da 'yan kai suka zauna, kuma tun kafin a fara magajin gari ya amince duk shawarar da ta samu goyon bayan kashi 80 na mahalarta za a aiwatar da ita. Wannan sharaɗin shi ne ƙashin bayan abin. Faransa ta tara mutum 150 daga 2019 zuwa 2020 suka fito da shawara 149, amma da aka zo yin doka an sassauta da yawa daga ciki har mahalartan suka nuna ɓacin ransu a fili. Don haka in an gayyace ku irin wannan zama ku tambaya tun ranar farko, me za a yi da abin da muka faɗa, kuma a rubuta amsar.

Abu biyu da nake jan kunne a kai. Kar ku bari tafiyar ta zama ta jam'iyya, da zarar an ce 'yan wane ne to rabin unguwa sun janye, kuma in mulki ya juya an rufe muku ƙofa. Lokacin zaɓe ku kai wa duk 'yan takara buƙata iri ɗaya ku nemi kowa ya faɗi matsayinsa a gaban jama'a. Na biyu, in aka fara jin muryarku za a iya kiran shugabanku gefe a ba shi ɗan abu ko a yi masa tayin kwangila, shi ya sa ba ma barin mutum ɗaya ya je ganawa, koyaushe biyu ko uku, kuma duk abin da aka tattauna a dawo a faɗa wa kowa a ranar. In kuwa an yi aiki mai kyau ku yaba a fili ku ambaci sashen da ya yi, ma'aikata ma mutane ne, akwai masu son aiki a cikinsu da suka daɗe suna jiran wanda zai mara musu baya daga waje.

Mu dai kwalbatinmu bai shiga kasafin shekarar farko ba don mun makara, a ta biyu ya shiga, aka fasa shi aka sa mai faɗi aka yi masa raga ta ƙarfe mai tare shara, mu kuma muka raba kwanaki, duk sati gida biyu ne ke cire abin da ragar ta tare. Daminar da ta biyo baya ruwa bai kai layin fentin farko ba, Baba ta kwana a kan katifarta. Yanzu abin da ke gabanmu shi ne a ba mu wurin zubar da shara na dindindin da ranar zuwan mota, don in ba haka ba ledar nan za ta ci gaba da dawowa, wasiƙar tana hannun sakatare, kwafinmu mai hatimi yana cikin fayil, zaman kasafi kuma saura wata biyu.